Riguna Goma Babu Aljihu

Mama tela ce. Kwana biyu masu kawo ɗinki sun yi ƙaranci. Yadi kuma saura bandir ɗaya tak. Mama ta ce idan shi ma bai yi kasuwa ba, rufe shagon za ta yi.

Ran nan 'yarta Auta ta dawo daga makaranta a gajiye tiɓis. Mama ta miƙa mata waya.

"Ga zanen riga biyu. Ga sunayen matan da nake wa ɗinki, su ashirin. Ki tura wa kowacce, ki tambaye ta wadda ta fi so, da dalili."

"Har ashirin, Mama? Wallahi ƙafafuna ciwo suke."

"Ai ba da ƙafa ake tambaya ba."

Auta ta tura wa mutum biyu. Shiru. Ta yi hamma. Haba, wa zai zauna jiran waɗannan? Sai ta jefa hotunan a zauren hirar 'yan ajinsu na waya. Kafin ka ce kwabo amsoshi sun cika waya.

"Mama, mai faffaɗan hannu ce ta ci."

"Sun faɗi dalili?"

"Wai ta fi kyau a hoto."

Mama ta hau keken ɗinki. Sati biyu cur tana ɗinki, bayanta na ciwo, idanunta sun yi ja. Ta ɗinka riguna goma. Suka sa hotuna a shafin shago, mutane suka yi ta yabo. Amma ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

Rana ta huɗu wata ma'aikaciyar jinya, cikin matan da Mama take wa ɗinki, ta shigo. Ta gwada riga, ta shafa gefe da gefe.

"Maman Auta, ina aljihu? Ina zan sa waya da makulli? Wannan hannu kuwa, ko kofi ba zan wanke da shi ba."

"To, ai ku kuka zaɓa."

"Mu? Ni dai ba wanda ya tambaye ni."

Mama ta juyo ta kalli Auta. Ba ta yi faɗa ba. Ta dafa bayanta mai ciwo, ta zauna a hankali. Auta ta ji kunya kamar ta nutse.

"Mama, ki yi haƙuri. Na gaji ne. 'Yan ajinmu na tambaya."

"'Yan ajinku sun faɗi abin da suke so. Amma su ne za su sa rigar?"

"A'a, Mama."

Washegari Auta ta ɗauko littafi da biro. Ta kira matan ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su ɗauka ba, ta sake kira. Wata ta tsare ta da labarin ciwon gwiwa har kunnenta ya yi zafi. Kwana uku aikin ya ci. Mata goma sha shida suka ce: aljihu, da hannu madaidaici.

Mama ta rage hannayen. Da ƙyallen da ta yanke ta yi aljihu bibbiyu. Auta ce mai warware zare, har yatsunta suka yi tsami.

Cikin mako guda riguna goma suka tafi. Wata malama ta kawo ƙawayenta uku.

"Shago ya tsira, Auta," in ji Mama. "Me kika koya?"

"Idan kana son sanin abin da mutane ke so, su za ka tambaya, ba waɗanda suka fi saurin amsawa ba. Ko da ka gaji."

Mama ta yi dariya. "Madalla. To, zo ki danna mini bayan nan."