Injin da Ba Ya Sallama

Ranar da aka fara jifa a gidan Mai Tanadi, magariba ce irin ta kullum. Gwaggo, yayarsa, tana kwashe shanya daga igiya. Auta, 'yarsa, tana kan keken ɗinki a bakin ɗaki, tana neman ƙarasa kalmasa kafin haske ya ƙare. Shi kuwa yana tsugune yana goge sabon injinsa na yankan itace, kamar mai wanke jariri. Sai dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Na biyu ya faɗi dab da ƙafarsa. Da ya ɗauka ya ji shi da ɗumi, yana ɗanƙo, yana warin ɗanyen icce.

Ya leƙa waje, layin tsit. Ko da ya dawo, keken ya daina ƙara. Auta tana zaune tana kallon hannunta na dama, wanda ya zube a cinyarta.

"Baba," in ji ta a hankali, "ba na jin hannuna."

Ba banza ake ce masa Mai Tanadi ba. Tsohon direba ne, kuma a gidansa akwai tocila huɗu, tankin ruwa biyu, da akwatin magani da ko ƙaramin asibiti zai yi masa sha'awa. Maƙwabta suna zolayarsa, wai ko tashin duniya za a yi shi ya riga ya ɗaure kaya. Yakan yi murmushi kawai. Sun san dalili, shi ya sa zolayar ba ta yin nisa. Daminar bara iska ta karya reshen tsohon mangwaron da ke bakin ƙofarsa, ya gitta hanyar mota, a daidai lokacin da numfashin matarsa ya sarƙe. Da adda ya yi ta sara har tafinsa ya fashe. Kafin hanya ta buɗe, mai ɗakin ta riga ta cika.

Don haka da ya tashi sayen inji bai yi gaggawa ba. Sau uku yana komawa shagon, har mai shago ya fara ajiye masa kujera.

"Mai fetur ya fi ƙarfi," in ji mai shago. "Amma in ka ajiye shi wata shida, ran da kake nema sai ka ja igiya har kafaɗarka ta gurɗe. Ga ruri, unguwa duka sai ta san kana aiki."

"Wannan fa?"

"Na batir ne. Ba nauyi, ba hayaƙi. Ka riƙa duba man sarƙa, ka ɗauki batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji. Dannawa ɗaya ya tashi. Ko mai barci ba zai farka ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa ya ɗauka. Da yammacin ranar da ya kawo shi, ya kafa tsani, ya hau, ya danna. Kafin Gwaggo ta idar da alwala, babban reshen da ke kallon ƙofa yana ƙasa. Ya sauko yana jin daɗin da rabonsa da shi tun rasuwar. Washegari aka fara jifan.

Kwana biyar ana haka. Rana na faɗuwa duwatsu za su fara, ba sa samun kowa, ba kuma sa fasawa. A asibiti an ɗauki hoton hannun, an ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Auta ta daina magana. Takan zauna ta rungume mataccen hannun tana jijjiga shi. A yamma ta biyar Gwaggo ta ji kukan yaro daga cikin bishiyar, siriri, irin na wanda ya gaji da kuka. Ta saki bokitin da ke hannunta.

"Kai, tanadinka ya ƙare a nan," ta ce da ƙanenta. "Tashi ka nemo Malam."

Malam tsoho ne ɗan firit, mai tafiya da sanda, ba ya ɗaga murya ko a karatu. Ya iso ana kiran salla. Bai fara da yarinyar ba. Ya tsaya a gindin mangwaron, ya daɗe yana duban inda aka yanke, wurin sumul kamar an yanka sabulu. Sannan ya shiga, ya zauna a kan tabarma nesa kaɗan da Auta, ya fara karatu.

Ya yi nisa kafin ta ɗago. Idon nata ne, amma muryar ta wata babbar mace ce, ta dushe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, alhali ni aka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Na riga harsashin gidan nan zama a mangwaron can."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Ɗana ma bai yi komai ba." Kan Auta ya juya wajen uban. "Mai gatari yakan yi saran farko, mu ji, mu kauce. Mai injin fetur yakan ja igiya, ya yi ta ruri, mu kwashe yara. Tun da muke ba a taɓa shigo mana shiru ba sai kai. Ɗana yana barci a kan reshen. Hannunsa na dama ya tafi tare da reshen."



"Ina nan daren da matarka ta rasu," in ji muryar. "Na ga tafinka yana jini. Na yi maka kuka, na hana yarana wasa kwana bakwai don gidanka na makoki. Ashe kai ko sallama ba ka iya ba."

Gwaggo ta toshe bakinta da mayafi. Malam ya ce, "An cuce ki, ban musa ba. Amma mutumin nan bai sani ba. Kuma ke ma kin san wani ba ya ɗaukar laifin wani. Ki saki yarinya."

"In saki, in koma in kalli nawa haka?"

"Za a bar miki bishiyar."

"Ban so. Wa zai kwana inda aka yanke wa ɗansa hannu? Tashi za mu yi. Hannu nake so, Malam."

Malam ya ɗauki carbinsa zai ci gaba da karatu. Ya san zai iya fitar da ita da ƙarfi, ya kuma san wadda aka fitar da ƙarfi ba ta mayar da abin da ta riƙe. Kafin ya fara, Mai Tanadi ya rarrafo ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan tabarma.

"Ga wanda ya danna," in ji shi. "Ita ɗinki take yi. Uwarta ce ta koya mata."

"Ka san me kake faɗa?" in ji Malam. "Ban umarce ka ba."

"Na sani."

Auta ta miƙa hannun hagu ta shafi bayan nasa, sau ɗaya, kusan da tausayi. Sai ta sulale ta kwanta. A waje ganyen mangwaron ya kaɗa, alhali babu iska. Da ta farka, abu na farko da ta yi shi ne share hawaye da hannun dama. Na uban kuwa yana nan a kan tabarma inda ya ajiye shi, sai da ya sa ɗayan ya ɗauko.

Mangwaron bai ƙara toho ba. Da damina ta kama, wata la'asar iska ta tuge shi gaba ɗaya, ya kwanta a ƙofar gida, ya toshe layin. Mutane suka taru, ga motar wani maƙwabci a tsaye da mai naƙuda a ciki. Mai Tanadi ya fito da injin a hannun hagu, batir cike, sarƙa ta sha mai. Komai a shirye yake, sai hannun da zai riƙe.

Auta ta karɓa.

"Yi sauri, 'yar nan," in ji mijin mai naƙudar.

Ba ta kula shi ba. Ta ɗauki guntun icce ta ƙwanƙwasa gindin sau uku, ta yi sallama da ƙarfi, ta tsaya tana saurare. Bishiyar ba kowa a ciki, ta sani, uban ma ya sani. Duk da haka bai ce ta danna ba sai da ya ƙirga numfashi goma.