Hanyar Yashi a Tsibirin Yao

Shanya kawai Suwaiba ta fito kwashewa kafin magariba. Ita da mijinta Dolah masu tatsar roba ne a Trang, kudancin Tailan, kuma tun da aka ɗaura musu aure ba su taɓa ajiye wuƙar tatsa sun huta ba sai wannan karon, da suka zo wani masauki a bakin teku a tsibirin Yao. Damina ce, baƙi sun watse. Ɗakunan katakon masaukin suna jere a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, duk a rufe, daga su biyu sai Mak Timoh, tsohuwar da ke girki. Dolah ya ari babur ya shiga ƙauye sayo roti, wainar fulawa da ake soyawa a kasko.

Ruwan teku ya janye nesa a yammacin. Wata siririyar hanyar yashi ta bayyana, ta miƙe daga gaɓa har wani ɗan tsibiri mai duhun itatuwa. Can a kanta ta hango Dolah tsaye, ya ba ta baya, da rigarsa mai ruwan ganye.

"Bang Dolah!" ta ƙwala masa kira, da laƙabin da matan yankin ke yi wa miji. "Ina rotin? Ko ka cinye a hanya, sarkin ciki?"

Bai juyo ba. Hannu kawai ya ɗaga.

"Zo ki ga wani abu."

Muryarsa ce, har da 'yar dishewar nan ta mai shan taba. Ta ajiye kayan a kan baranda, ta cire takalmi, ta bi shi.

Yashin da sanyi. Ƙananan ƙaguwoyi suna gudu daga ƙafarta. Tana ɗaga ƙafa yana ɗagawa, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙi raguwa.

"Ka jira ni mana. Tsere muke yi?"

"Saura kaɗan."

Iska ta tsaya cak. Wani ƙarni ya taso, irin na kifin da ya kwana a raga. Daga ƙauye aka fara kiran salla, can ƙasa ƙasa. Dolah mutum ne da ko yana tsakiyar magana, in ladan ya ɗaga murya sai ya yi shiru ya amsa. Wannan kuwa ƙara sauri ya yi, ya noƙe kai cikin kafaɗu.

Sai wayarta ta yi ƙara a aljihun siket. Ta duba. Sunan Dolah.

Ta kai kunne. Ta ji hayaniyar kasuwa, ta ji mai na soyuwa a kasko.

"Uwargida ran gida," in ji Dolah yana dariya, "mai ayaba kike so ko mai ƙwai? Mai rotin ta ƙosa."

Wanda ke gabanta ya tsaya. Hannayensa biyu suna rataye a gefensa, babu waya. Ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

Ba tare da ya juyo ba, ya ce a hankali, "Ce masa mai ƙwai."

Ta waiwaya. Fitilun masauki sun zama kamar ƙwayar gero. Hanyar da ta biyo ta fara nutsewa, ruwa na shigowa ta dama da hagu, ba tumbatsa, ba ƙara.

Ta zura da gudu.

Ruwa a idon sawu. Ruwa a gwiwa.

A bayanta babu motsin ƙafa. Sai numfashi, dab da wuyanta.

"Suwaiba," ya raɗa. "Faɗi wani abu mana."

Ta nemi Ayatul Kursiyyu, harshenta ya sarƙe. A'uzu kaɗai ta fito, ita take ta maimaitawa.

Wani abu mai sanyi ya kama gefen mayafinta. Ya ja.

Ta fizge allurar da ke riƙe da mayafin, ta bar masa shi.

Ruwa a ƙugu. Wayar ta suɓuce. Ta faɗi, ta sha gishiri, ta tashi, ta sake faɗuwa. Sai hannu mai ɗumi, mai ƙamshin tafarnuwa, ya damƙi damtsenta. Mak Timoh ce, ta shigo ruwan da zaninta, tana karatu da ƙarfi.

"Kada ki waiwaya, 'yar nan. Taka."

A ɗakin girki tsohuwar ta lulluɓe ta, ta ɗura mata shayin citta. Dolah ya iso da ledar roti, ya ga matarsa ba mayafi tana karkarwa, ledar ta faɗi.

Mak Timoh ta durƙusa gabanta.

"Kin ga fuskarsa?"

Suwaiba ta girgiza kai.

"Alhamdulillahi. Kin yi masa magana?"

"Na ɗauka Bang ne, Mak."

Tsohuwar ta dubi Dolah. "Ku bi jirgin safe."

Suka koma Trang. Zazzaɓi ya kwantar da Suwaiba, ta warke, suka koma tatsarsu. Zancen teku kuwa ba mai tayarwa a gidan.

Wata ranar Laraba, gab da magariba, suna zaune a tabarma tana tsince shinkafa, sai aka kira daga bayan gida, wajen rafi.

"Bang Dolah! Zo ka ga wani abu."

Muryar Suwaiba ce sak.

Dolah ya riga ya fara miƙewa. Ta riƙe masa hannu, ta sa yatsa a leɓenta. Suka zauna a haka, ba mai motsi, har ladan ya ɗaga murya.