Eriyar Ko-ta-kwana ta Jirgin Mastura

Shekara bakwai Badaru ya yi a Port Sudan yana neman abin kansa. Da ya dawo Jidda a 1994, ya tarar ƙaninsa Muntaka ne ke tuƙa Mastura, jirgin kamun kifin da mahaifinsu Malam Usuman ya yi wa aiki har ya rasu. Kafilin, wato ubangidansu mai jirgin, ya damƙa wa Muntaka makulli. A unguwar Mahjar kuwa kowa sai "Muntaka ya gaji Malam Usuman". Shi Badaru, babban ɗa, abin da ake tambayarsa bai wuce yaushe zai koma ba. Yana murmushi, abin yana cinsa.

Ran wata Talata Muntaka ya ce, "Yaya, yalla, zo ka raka ni mu kwaso koma kafin magariba."

Suna kudu da tashar jiragen ruwa iska ta taso. Igiyar ruwa ta mari jirgin, doguwar eriyar rediyo ta karye. Can kuma inji ya yi tari ya mutu. Tsohuwar koma ce ta naɗe farfela. Ga duwatsun murjani nan gaba, ruwa na jan su can a hankali.

"Zan nutsa in yanke," in ji Muntaka, yana tuɓe riga. "Akwai eriyar ko-ta-kwana a akwatin Baba. Ɗaura ta, ka kira masu gadin teku a tasha ta sha shida."

Dokar mahaifinsu ce, duk wanda zai shiga ƙarƙashin jirgi ya rataya makullin inji a wuyansa, kada wani ya tada inji farfela ta sare shi. Muntaka ya dubi makullin a jikin inji. Ya dubi hannun yayansa da ke dafe kusa da shi. Kunya ta hana shi cirewa, kada a ce bai yarda da babba ba. Ya ciji wuƙa, ya faɗa ruwa.

Badaru ya buɗe akwatin. Warin tsatsa da man dizal ya buge shi. Ya ɗaure gajeriyar eriyar a ƙarfen rumfa, ya koma ya danna maɓallin magana.

"Mastura ce, Mastura ce, Mastura ce. Akwai mai ji?"

Shuuu. Sai ƙarar iska.

Rana ta taɓa ruwa. Iskar ta tsaya cak, har tsuntsaye suka yi shiru.

"Badaru."

Daga rediyon muryar ta fito. A teku sunan jirgi ake kira, ba a kiran sunan mutum. Kuma da Hausa aka yi maganar, ƙasa-ƙasa, ba sallama.

"Wa ke nan?" ya ce cikin raɗa.

"Jirginka ne fa. Kai ne babba."

Wani wari ya cika rumfar, kamar kifin da ya kwana uku a rana. A ƙarƙashin ƙafarsa yana jin wuƙar Muntaka tana goga ƙarfe. Ƙarr. Ƙarr.

"Gwada inji kawai," in ji muryar. "Wa zai ce da gangan ne? Shi ya bar makullin."

Badaru ya so ja da baya. Sai ya ga hannunsa na dama ya riga ya kama makullin. Sanyi ƙarara. Bai tuna ya miƙa shi ba.

"Murɗa."

Makullin ya motsa. Jar fitilar inji ta kama.

Saura kiris.

Ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya sauka a bayan rediyon. Wayar eriyar tana lilo. Ɗaure ta ya yi a sama, bai jona ta ba.

Kuma yanzu ya gane muryar. Tasa ce.

"A'uzu billahi!" Ya sa hannun hagu ya damƙi na dama, ya fizge. Makullin ya fito. Ya yi ta dukan gefen jirgin da ƙafa yana ihu, "Muntaka! Fito! Fito!"

Rediyon ya yi wata 'yar dariya, ya mutu.

Muntaka ya ɓullo yana haki, idanu jajir. Badaru ya jawo shi, ya rataya masa makullin a wuya.

"Halas, Yaya, na gama tun ɗazu," in ji Muntaka bayan ya sami numfashi. "Amma me ya sa kake ta ce min in dakata?"

"Ni?"

"Kai mana. A kunnena. Wai in tsaya kusa da farfela, kada in fito tukuna."

Muntaka ne ya tada inji da kansa, suka koma tasha.

Badaru bai sake hawa jirgi ba. Ya kama aikin dako a wani sito a unguwar Khumra. Yatsunsa biyu na dama, waɗanda suka riƙe makullin, har yau ba sa ɗumi, ko a zafin Agusta. Muntaka yana gaya wa mutane yayansa ne ya cece shi ranar. Badaru yakan sunkuyar da kai. Bai taɓa gaya masa jar fitilar ta kama ba.