Baƙin Layin Tsakani

"Umma, ina inuwar kakar nan?" wata yarinya ta tambayi uwarta da ƙarfi, a gaban tsohuwar da ta tare su a lungu da la'asar.

Kunya ta kama uwar. Shi ya sa da tsohuwar ta ce, "Ɗauke ni hoto mana, 'yata," uwar ta ɗaga kyamararta ta gwanjo, mai jera hoto bibbiyu a fim, ta ɗauka.

Da aka wanko hoton, ga yarinyar a hagu, hoton da uwar ta ɗauke ta da safe, ga tsohuwar a dama, baƙin layi ya raba su. Washegari uwar ta sake dubawa. Yatsun tsohuwar sun tsallako layin.

Daga ɗaki yarinyar ta ce, "Umma, daina ja mini riga."

'Yar'uwa, kada kunya ta sa ki jera ɗanki da baƙo.