Wace Giyar?

Da la'asar rahoto ya iso teburin Sufeto: wata baƙar mota ta buge mai sharar titi a bayan kasuwa, ta karya mata ƙafa, ta tsere. Wani mai shago ya riƙe lambar. Motar wata likita ce, kuma kafin Sufeto ya gama ɗaura takalmi, Kofur ya riga ya kamo direbanta.

Dattijo ne mai farin gemu, kowa Baba Direba yake ce masa. Ya zauna a kan benci bai jingina ba, hularsa a gwiwa.

"Ranka ya daɗe, magana ta ƙare," in ji Kofur. "Da bakinsa ya ce giya ce."

"Wace giyar?" Sufeto ya tambaya.

Kofur ya sosa ƙeya. Shi dai giya ɗaya ya sani, kuma ba a mota take zama ba.

"Giyar mota, ɗana," Baba Direba ya ce. "Na ce ta yi tauri. Da safe da yatsa biyu nake ja ta. Na rataye makulli a kicin na tafi cin abinci, na dawo na tarar da ita kamar an zuba mata siminti. Tun ina saurayi nake tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba. In an karɓe lasina yau, da me zan kalli 'ya'yana?"

Sufeto mutum ne da ba ya yarda da baki sai ya taɓa da hannu. Shi da Kofur suka sa dattijon a motar ofis suka nufi gidan Likita.

Motar tana rumfa, fitilar hagu a fashe. Likita ta fito ranta a ɓace, ƙaninta na biye da ita, wani ƙato mai tuƙa tifa da yake kiran kansa Sarkin Hanya.

"Ina asibiti lokacin," ta ce. "Baba ya yi mana aiki tun mahaifina na da rai, amma makulli a wurinsa yake."

"Yaya, tsufa ne kawai, ga kuma giyar da ake faɗa," in ji Sarkin Hanya. "Ni ko ƙofar motar nan ban taɓa buɗewa ba. Motar da ba ta da kuloci ai keken ɗinki ce."

 Sufeto ya shiga ya tayar da injin, ya taka birki, ya ja sandar giya. Da ƙyar ta motsa, tana wani ƙara kamar ana kankare tukunya.

Ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Man giya yana nan ja, bai ragu ba. Ya sa Kofur ya tsaya a baya, fitilun birki suna kamawa. Ya leƙa ƙarƙashin bonet, wayar giyar ba ta lanƙwashe ba, ba ta yi tsatsa ba. Ciwon dai a gindin sandar yake.

Nan ya ga wani ɗan murfi kamar farce a gefen sandar, bakinsa duk karce. A ƙarƙashinsa akwai ramin da ake zura makulli a saki giya in ta maƙale. Ya haska, ya ga wani abu yana ƙyalli. Ya mayar da murfin, ya mai da giyar mazauninta, ya kashe mota.

A kan abin taka birki kuma, can gefen hagu, akwai shatin jar laka. Takalman Baba Direba kuwa har fuska ake gani a jikinsu.

"Baba, da wace ƙafa kake taka birki?"

"Dama. Hagu hutu take yi a motar nan, tunda ba kulocin takawa."

Sufeto ya miƙa wa Sarkin Hanya makullin. "Taimaka ka fito mana da ita, za mu tafi da ita ofis. Ni ta gagare ni. Ko kai ma ta fi ƙarfinka?"

Ƙaton ya yi dariya ya shiga. Ya tayar, ƙafarsa ta hagu, takalmin duk jar laka, ta shiga laluben kulocin da babu, ya fizgi sandar, ta ƙi. Bai tsaya tunani ba, ya sa farce ya ɓalle ɗan murfin, ya zaro wuƙar aljihu.

"Tsaya haka," in ji Sufeto. "Wanda bai taɓa buɗe ƙofar motar ba, wa ya nuna masa ramin nan?"

Wuƙar ba ta da tsini. Sufeto ya ari hantsakin Likita, ya zaro guntun ƙarfen da ke ƙyalli, ya haɗa da bakin wuƙar. Suka zauna daram.

"Wallahi sigari kawai na je saya," Sarkin Hanya ya ce, gumi na keto masa. "Ban san sai an taka birki take fita ba, na tura wuƙa ta karye. A hanya giyar ta yi tauri, na sunkuya ina dubawa, sai na ji ihun matar. Yaya, ki yi wani abu mana."

"Na yi," in ji Likita. "Ni na ɗaure ƙafarta ɗazu, ban san aikinka ba ne."

Kofur ya soke sunan Baba Direba da ya rubuta, ya sa wa ƙaton ankwa, ya tura shi motar ofis.

Likita ta juyo, kunya ta hana ta ɗaga ido. "Baba, ka yafe mini."

Dattijon ya sa hularsa, ya gyara mata zama. Ya shiga motar, ya goge lakar da hankicinsa, ya taka birki da ƙafar dama. Da yatsa biyu ya ja sandar, ta bi shi ba gardama. Sufeto ya ji daɗi har cikin ransa.

Baba Direba ya leƙo ta taga ya kira Kofur.

"Ɗana, in ka koma ofis ka gyara maganar nan. Ka faɗa musu wace giyar ce."