Kurɓar Farko

"Hindatu, an maishe ni Keita... wata mai kamawa ni ka tashi."

Saura kaɗan ludayi ya suɓuce mini cikin ƙwarya. Shekara biyu Muntari yana jirana, ni kuwa da taurin kaina na rantse ba ni ba aure sai Baba ya ba da ni da bakinsa. Baban da ciwon mantuwa ya sa yake kirana da sunan marigayiya innata!

"To ka tahi mana, wa ya riƙe ka?" na ce, alhali zuciyata kamar ta fashe.

"Ke kin san wa ya riƙe ni, sanyin idona."

Muntari ma'aikacin asibiti ne a Madawa. Duk Juma'a yakan hawo moto zuwa garinmu Karofane da 'yan kwalaben wani abin sha da lokotoro ya rubuta wa Baba. Tun farko bai ɓoye mini ba: abin ba ya warkarwa, abinci ne da aka haɗa don masu irin wannan ciwo, ko Allah zai sa ya ɗan taimaka. Baba ya ce shi ba ya shan abin kwalba, sai na riƙa juye shi cikin fura. Ko hakan ma sai wani ya fara kurɓa a gabansa, don yana tsoron sammu. Ran Juma'a aikin Muntari ne.

Ranar ma ya durƙusa gaban tabarma, Baffa Umaru ƙanen Baba yana gefe yana jan carbi. Muntari ya ɗaga ludayi ke nan, Baba ya cafke hannunsa.

"Kai, aje! Ba ka da kunya?"

"Baba, kurɓawa za ni yi, kamar kullum..."

"Ina ka taɓa ganin yaro na sha gaban surukinai? Ba kai ka zuwa wurin ɗiyata ba?"

Carbin Baffa ya tsaya. Baba ya juyo ya dube ni sosai.

"Hindatu!"

Wata bakwai rabon da in ji sunana a bakinsa. Na zube a gabansa, hawaye na zuba.

"Yaron ga na da haƙuri. Na ba shi ke. Umaru, ka ji ko?"

"Na jiya, Yaya, na shaida," in ji Baffa.

Ni na yi kurɓar, Baba ya shanye furarsa tas. Kafin in ɗauraye ƙwarya hasken da ya zo wa hankalinsa ya wuce. Ya dubi Muntari ya ce, "Wanga baƙo daga ina? A ba shi hura."

Muntari ya sunkuyar da kai yana share ido. "Na ƙoshi, Baba."

Tare da Baba muka tare a Keita. Bai sake kiran sunana ba. Amma har yau, duk yadda ya matsa wa baƙon nan nasa da tayin fura, mijina bai ƙara kai ludayi baki a gabansa ba.