Sai Jikokin Tarwaɗa Sun Miƙe

Ranar da Mai Kujera ya fara shigowa gidan gonar su Auta, buhu ne a kansa cike da guntayen soso, yana tafe yana tuntuɓe da robar ruwa. Auta na tsugune bakin tankin ƙyanƙyasar kifi, ta ɗago ta harare shi.

“Malam, nan ba bola ba ne.”

“Na sani, ranki ya daɗe. Baba ne ya ce in kawo masa ya tace ruwa da shi.”

Ya yi murmushi, buhun ya zame ya faɗo masa a ƙafa. Duk yadda ta matse baki sai da dariya ta ƙwace mata.

Tun daga ranar soso bai ƙara yankewa a gidan ba, saƙo ma bai yanke a wayarta ba.

“Likitar Kifi, na yi wa mutum ɗari kujera, amma mazauni ɗaya na ware a zuciyata.”

Ta mayar masa: “Allah ya shirye ka. Ka ci abinci?”

Ana shirin manya su shiga maganar sai ƙyanƙyasa ta lalace. ’Ya’yan kifi suka riƙa fitowa da lanƙwasasshen baya, suna juyi wuri guda. Auta, da yake fannin kifi ta karanta, ta ɗebi ruwa da ƙwai ta kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito sai da ta nemi wuri ta zauna. Soson kujera ne! An jiƙa shi da sinadarin hana kamawa da wuta tun daga masana’anta, shi ne yake tsatsafowa cikin ruwa, ya taru a kitsen uwar kifi, ya bi ta ƙwai.

Baba ya sa aka kwashe soson, aka wanke tankuna. Ƙyanƙyasa ta gaba ma haka ta fito.

“To ba an cire ba?” ya daka mata tsawa.

“Baba, yana jikin iyayen. Har ’ya’yansu na iya ba nasu ’ya’yan. A sayo sababbin iyaye kawai.”

Wa ya ce ta faɗi haka! Waɗannan tarwaɗu tun kafin a haife ta yake riƙe da irinsu, ya san kakar kowacce.

“Irin nawa zan zubar saboda mai ɗinkin kujera? To ki gaya masa, babu aure sai jikokin kifin nan sun fito a miƙe!”

Auta ta faɗa ɗakin Mama kamar ta fashe. “Mama, yanzu aurena a hannun tarwaɗa yake? Kifin da sai ya kusa shekara kafin ya yi ƙwai? Kuma wa ya zuba soson a ruwan da hannunsa?”

“Rufe mini baki, kar ya ji ki.”

Nan da nan mai kawo musu abincin kifi ya samu ƙofar neman aurenta. Kullum yana nan da turare kamar ya yi wanka da shi, yana gaya wa Baba shi bai taɓa kashe kifin kowa ba. Ga Mai Kujera ya yi ɗif, ko gaisuwa babu. Takaici ya ishe ta, ta rubuta masa:

“In ka gudu ne, ka faɗa mini in daina ɓata wa kaina rai.”

Sai da yamma amsa ta zo: “Ina zan je, Likitata? Ba Baba kaɗai na ba soso ba. Gona-gona nake bi ina karɓowa, ana zagina. Yau har kare aka sakar mini.”

Ta yi tsaki, ta share hawaye, ta sake karantawa.

Daga baya ya dawo gonar da ƙafafunsa. Baba ba ya amsa gaisuwarsa, shi kuwa bai fasa wankin tanki da canjin ruwa ba. Mai turare dai da aka miƙa masa tsintsiya sau ɗaya, ba a sake ganinsa ba. Ƙawayen Auta suka yi aure, wata har ta haihu, ita tana nan tana auna cikin tarwaɗa.

Da jikokin suka ƙyanƙyashe, Baba ya ɗebo su a kofin gilashi ya ɗaga sama. Mama ta zo, Mai Kujera na tsaye da jiƙaƙƙen wando. Ga su nan sambal, suna ta iyo. Sai idon Auta ya faɗa kan guda ɗaya a gefe, a lanƙwashe, yana juyi. Wata shekarar ke nan!

Baba ma ya gan shi, ta tabbata. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi hannuwan saurayin da ruwa ya cinye, ya dubi ’yarsa. Sannan a hankali ya ɗora babban yatsansa a kan gilashin, daidai wurin.

“Ni dai ban ga komai ba,” in ji shi. “Yaro, ka turo manyanka.”

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun ango gam. “Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya lafiyayya, har jikoki. Amma ko filo ka kawo mini gona, sai na saɓa maka.”

Auta ta ce amin, da ƙarfin da har Mama ta mintsine ta.